Inda Ruwa Ke Bi

Babana, Ɗan'azumi mai fenti, yakan ce
bango ma yana numfashi,
kada a toshe masa hanci.
Na ɗauka zancen tsufa ne,
har ranar da na zuba farin ruwan roba a kan gilashi
a ɗakin gwajinmu na Naraguta,
gajimare bai ko tashi daga kan duwatsu ba.

A ido, nono ne.
A ciki kuwa ƙwayoyi ne, dubu kan dubu,
kowace na yawonta,
ba ta san sunan ta kusa da ita ba.
Sai ruwan ya fara tafiya, ba sallama.
Su kuma su matso, su ƙara matsowa,
kamar fasinjan Farin Gada a motar ƙarshe,
kafaɗa cikin haƙarƙari,
mai zagaye ta koma mai kusurwa
don dai a sami wurin zama.

A nan halin kowa ke fita.

Akwai mai laushi ciki da bai.
Ta saki jiki, zarenta ya kutsa cikin na 'yar'uwarta,
kwana biyu ba ka gane inda wannan ta ƙare.
Akwai mai ƙwallo a ciki, irin na goruba,
ta ba da baki, ta riƙe zuciya;
ruwa ya zo, dole ya kewaye ta, hanya ta yi masa nisa.
Sai wadda aka yi wa ɓawo mai son laima.
Ita ko ta manne, ɓawon yana nan,
siririn layi tsakaninta da kowa,
ga guntun sabulun da aka dama su da shi
ya rasa masauki, ya kwanta a kan iyaka.

Kangyang ce mai sikeli.
Mukan zuba ruwa a ƙananan kofuna,
mu rufe bakinsu da fatar da ta bushe,
mu liƙe gefe da kakin zuma.
Kullum la'asar ta auna, ta karanto mini abin da ya ɓace.
Kofi na uku ya fi kowa ramewa.
Na ɗaga fatarsa ga hasken taga:
ba huda, ba tsaga, sumul.
Ta ce, "Ba ƙofa yake nema ba.
Tsohuwar iyaka yake bi."

Wanda muka manta a bakin taga,
daren da aka kwana ana ruwa,
sanyin Jos ya kama ƙwayoyin tun ba su yarda da juna ba.
Da safe fari fat,
yana ɓarewa kamar busasshen koko a gefen kwano.
Ban rubuta shi a littafi ba. Na dai daɗe ina kallonsa.

Ina aji huɗu Baba ya yi wani gida a Gangare.
Mai gidan ya ce mai sheƙi yake so,
wanda ko ɗigo ba ya ratsawa.
Baba ya yi magana sau ɗaya, ya ɗauki buroshi.
Damina ta zo, laima ta hau daga gindin bango,
ta nemi mafita ta rasa,
fentin ya kumbura kamar ƙunar ruwan zafi.
Da ƙusa ya huda ɗaya, ruwa ya gangaro masa har gwiwar hannu.
Rabin kuɗinsa yana can har yau.

Ran Asabar na kai masa lissafina, shafi huɗu.
Bai duba ba.
Fatar kofi na uku ya ɗauka
da yatsun da farin ƙarƙashin farcensu bai taɓa fita ba,
ya kara ta a baki, ya hura.
Iska ba ta wuce ba.
Na ce, "Baba, ba haka ake aunawa ba, sai a hankali yake fita,
kwana da kwanaki."

Ya ce, "Na sani."
Ya ninke ta biyu, ya sa a aljihun gaba, inda yake ajiye goro,
ya tambaye ni ko ana sayar da irinta a bokiti.