Ina Ranarku?

Ranar da dillali ya kawo mu Tumfure
da ƙafa ya tura ƙofa, hannunsa cike da makullai.
Ga tayil, in ji shi, ga silin, ga durowa har sama,
ga famfo a kicin, ga wani a banɗaki.
Na ƙirga soket goma sha ɗaya.
Ban tambayi inda igiya za ta ratsa ba,
shi ma bai tayar da zancen ba.

Tsakar gidan an shafe ta da siminti,
an ja farin fenti, an rubuta lamba
daga ɗaya zuwa shida.
Kowace mota da makwancinta.
Mu ba mu da mota, amma huɗu tamu ce,
tana nan, rana na dukanta a banza.

A gindin matakala an manna takarda:
An hana shanya a baranda,
kada a ɓata wa gida fuska.
Sa hannun Alhaji Bappayo.

Sai damina ta sauka.
Rigar makarantar Nafi a bayan kujera,
tawul a saman ƙofa, ƙofar ta ƙi rufuwa,
safa a hannun firij,
zanin gado a ƙarfen labule
kamar baƙon da ya yi sallama ya ƙi tafiya.
In an kawo wuta fanka ta ari aikin rana,
in an ɗauke mu zauna cikin danshi
muna shaƙar kayan da aka wanke
suka ƙi yarda sun wanku.
Ran Litinin wata a ajinsu ta tambayi Nafi
ko a gindin randa take kwana.

A gidanmu na Jekadafari
daga reshen lemun tsami igiya ke tashi
ta sauka a ƙusar da kakana ya kafa,
an tokare tsakiyarta da gora.
Ba a tambayar labari a gidan, igiya ake dubawa.
Ƙananan tsummoki a jere, an haihu.
Babbar riga da shuni, gobe Juma'a.
Zanin da ba a sani ba, an yi baƙuwa daga Dukku.
Hadari na haɗuwa wata za ta ƙwala kira,
kowa ya kwashe na kowa,
a rabe su da dare ana dariya.
Rigata ta sha kwana a ɗakin da ba namu ba,
ta dawo a ninke, tana ƙamshin turaren wani.

Dada ta zo ganin likitan ido, ta kwana uku.
Bayan asuba ta wanke zaninta,
ta sauka da bokiti, ta zaga gidan sau biyu,
ta hauro tana dafa gwiwa.
Ta ce, ina ranarku?
Na nuna mata taga.
Ta daɗe tana duban gilashin.
Ta ce, wannan ai ta kallo ce.
A jiƙe ta ƙulle zanin cikin leda,
a jiƙe ya koma Jekadafari.

Yanzu ni da Rifkatu ta lamba biyar,
wadda ke dawowa daga aikin dare da fararen kaya,
mun sayi igiya kamu goma a kasuwa.
A bayan gida, tsakanin ƙarfen tankin ruwa
da tagar ɗakin janareto,
akwai wani lungu da rana ke leƙawa
daga hantsi zuwa azahar.
Nan muke ɗaurawa.
Maigadi ya gani, ya kau da kai,
jiya ma na tarar da hularsa a ƙarshen layi.

In muka ji hon ɗin Alhaji a ƙofa
mu kwance, mu runguma, mu haye da gudu,
mata biyu masu takardar biyan haya
sun sato rana a garin Gombe,
tana da ɗumi har yanzu a ƙirjinmu.