Ƙarfe Biyun Dare a Agege

Wata na bakwai, zanena ya daina zagaye ni.
Na juya bayan kalanda, na rubuta sunaye uku.

Na farko na gwamnati ne, can Ikeja.
Kuɗinsa da sauƙi, likitocinsa sun ga jiya sun ga yau,
sai dai sammako kamar mai bin bashi:
ran Talata lamba ta saba'in da huɗu na samu,
kuma sun ce sai Sallau ya ba da jini leda guda,
Sallau da ke kau da kai in ana yanka kaza.

Na biyu yana tsallaken gada,
daɓensa kamar madubi, sanyinsa har ƙashi.
Mai karɓar kuɗi ta faɗi adadin tana murmushi,
na mayar da shi albasa a zuci:
buhu goma sha ɗaya, ban da kuɗin gado.
To ko akwai kuɗin, naƙuda ta san cunkoso?
Balaraba cikin danfo ta sauka, tsakiyar gada,
ruwa hagu, ruwa dama,
rigar kwandasta ce zanen goyon farko.

Na uku nan ne bayan layin dogo,
bene ɗaya, fentinsa ya koɗe,
ban ma so rubuta shi ba.

Inna ta kira daga Malumfashi: "Taho gida."
Na ce, Inna, hanyar ta fi ƙarfin cikin nan.
Ta yi shiru. Na ji akuyarmu tana kuka a bayanta.

Iya Bose mai ƙosai, uwar biyar,
ta goge hannu da gefen zane ta ce:
"Kar ki duba asibiti da rana,
da rana kowa likita ne.
Je ki ƙarfe biyun dare."

Muka je, ni da Sallau da tocilan.
Maigadi ya buɗe bai tambayi kati ba.
Muna shiga wuta ta ɗauke.
Na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu,
ban kai tara ba janareta ya yi tari ya tashi.
Nas Folake idonta biyu, tana juya wata jaririya.
Na ce, ina likitan tiyata yake kwana?
Ta nuna sama da biro.
In abin ya fi ƙarfinku fa?
Ta nuna motar da ke tsakar gida,
direbanta na kan benci, takalmi a ƙafa.
Mace ce za ta karɓe ni? Ta ce, "Ni ce, ko Nkechi."
Uwata za ta iya kwana kusa da ni?
"Da tabarmarta."

A hanyar gida Sallau ya ce,
"Jinin nan ma, in sun nema, su ɗiba."

Ranar ta zo da ruwan sama,
kwata ta cika ta haɗiye titi.
Mai keke ya naɗe wando ya tura mu,
minti ashirin, ba gada, ba Ikeja.
Kafin kiran assalatu na ji kukanta.

Yau kwana tara.
Inna ta iso da kanwa ƙulli guda da busasshiyar darbejiya,
tana hura gawayi a lungun da gida shida ke shanya.
Folake ta ɗaura min abin awo a dantse,
ta ce jinina ya ɗan hau,
a sassauta ruwan zafi, a ajiye kanwa tukuna.
Inna ta ce ita da kanwa ta yi jego takwas.
Suka dubi juna, ba mai jin harshen wata.
Sai Inna ta zuba kunun gyaɗa a kofi ta miƙa mata.
Ta sha, ta miƙo kofin a ƙara.

Kalandar na nan a bango.
Sunaye biyu na soke,
ƙarƙashin na ukun na rubuta: Rumasa'u.