Kibiyar Da Ta Kafe

Ƙarfe ɗaya na dare a Tibilisi,
ruwa na dukan kwanon baranda,
ni kuma ina shafar faifan yatsa
kamar mai lallashin kyanwar da aka taka wa wutsiya.
Kibiya ta kafe a kusurwar allo.
Ba ta gaba, ba ta baya.

Kwamfuta ɗaya, 'yan haya biyu.
Windos a ɗakin gaba, saboda ofishin da ke biyana,
Linuks a ƙuryar baya, inda nake zana taswirar duwatsu
wadda babu wanda ya sa ni.
Da hannuna na raba musu gida,
na ce kowa ya tsaya a nasa.
Ashe ƙofa ɗaya suke bi.

Jiya lafiya lau.
Shekaranjiya ma haka.
Yau da zan miƙa aiki da safe
sai direban faifan ya faɗi,
ya tashi, ya yi daƙiƙa tara, ya sake faɗi.

Na buɗe baƙin allo, na tambayi injin abin da ya gani.
Ya zubo min layi ɗari huɗu,
a ciki uku ne ja:
an ƙwanƙwasa, ba a amsa ba,
an ƙwanƙwasa, ba a amsa ba,
an haƙura.

Na cire direba, na mayar da shi.
Na sauko da tsohon da aka ce ya fi haƙuri.
Na shiga Bayos da maɓallan kibiya kawai,
ina laluba kamar mai neman ashana a ɗakin wani.
Na kira ƙanena Bidzina a Kutaisi,
ya ce cikin magagi, Tsisana, kin kashe kin kunna?
Na ce sau goma sha ɗaya.
Ya ce to sayi sabuwa, ya kashe waya.

Maƙwabciyata Lamara ba ta barci tun rasuwar mijinta.
Ta ga fitilata, ta hauro da silifas,
a hannu ɗaya shayi, a ɗaya tsohon linzami mai igiya
da ta tono daga durowarsa.
Har yanzu akwai shatin yatsansa a maɓallin hagu.
Na jona. Kibiya ta zabura.
Amma aro aro ne, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ta zauna tana kallo, ba ta san komai a kai ba,
sai ta ce, yaushe yake yin hakan?
Na ce kullum. Sannan na yi shiru.
Ba kullum ba ne.
Sai na fito daga ɗakin gaba na shiga na baya.

Na bar jaki ina dukan taiki.

Windos ba ya mutuwa in ka ce masa mutu.
Barcin zomo yake yi, ido buɗe,
don gobe ya farka da wuri a yaba masa,
kuma yana kwance hannunsa na kan mariƙin ƙofa.
Ɗan'uwansa ya zo, ya murɗa, ya murɗa,
ni kuma ina zagin mai murɗawa.

Wani ɗan akwati ne, ƙasa da ƙwayar masara,
a ɓoye bayan saiti uku.
Na cire alamar da ke cikinsa.
Na kashe, kashewa ta gaske,
har fankar ciki ta sauke numfashi.
Lamara ta ƙirga talatin a hankali,
yadda take ƙirga ɗigon maganin zuciya.

Na kunna. Na zaɓi layi na biyu.
Na zare igiyar marigayi.
Na ɗora yatsa ɗaya.

Kibiya ta bi ni, hagu, dama,
ta haura dutsen da na bari rabin zane.

Shayi ya huce.
Ta naɗe linzamin a hankali, igiya bisa igiya,
ta ce in ya sake, kin san ƙofata,
ba na kullewa.