Kilo Uku

Buhun albasa na sani.
Tun ina ɗan sha biyar nake saɓa shi a Babbar Kasuwa,
in ɗora a motar Jibiya, ko ɗaya bai taɓa suɓuce mini ba.
Amma daren nan da Gwaggo Tabawa ta miƙo mini ke,
kilo uku cikin tsohon zanen uwarki,
hannuna ya kama ɓari kamar na mai masassara.

"Ba kaya ba ce," in ji ta. "Sassauta.
Tafi ɗaya ƙarƙashin ƙeya, wuyan bai yi ƙwari ba,
ɗayan ya tare ƙasa.
Ka ga maɗiga tana motsi? Bar ta, aikinta take."

Ta ja takalmanta ta tafi.
Lantana ta yi barcin da ruwan zafin jego ke sawa.
Wuta ta ɗauke, Bagalam ta yi tsit,
sai wani ɗan kabu-kabu can wajen Gulbi
da bai gaji ba.

Sai kika ɓare baki.
Kika naɗe ƙafafu, ciki ya yi tauri kamar ganga.
Na jijjiga, kika ƙara.
Na tuna abin da tsohuwa ta nuna:
na kifa ki a dantsena,
kumatunki a gwiwar hannu, ƙafafu na lilo,
kamar ƙadangare a katanga da hantsi.
Na yi ta shafa bayanki da yatsa biyu,
don sauran duk kanta ce.

Kuka ya koma shessheƙa.
Na tayar da ke a kafaɗa,
nan inda buhu ya bar mini tabo,
kika yi gyatsa irin ta dattijon da ya sha fura,
kika jiƙa mini riga da nono.

Na tuɓe rigar.
Fata da fata, kunnenki a ƙirjina,
kika ji bugun da ya yi kama da wanda kika saba ji
wata tara, a ɗaki mai duhu.
Kika yi shiru.

An ce ɗiyar fari da kunya ake riƙonta,
ba a ɗauka gaban mutane.
To, duhu ba mutum ba ne.
Sauran kwana uku a raɗa miki suna,
ni kuwa na riga na san nauyinki.

Da safe na tallabi buhu ta ƙasa, a hankali,
na kwantar da shi a mota.
Ilu ya dube ni, ya dubi buhun:
"Ɗan Jimma, yau albasa ake lallashi?"