Wuƙa Biyu a Garwa

Shekara ashirin da uku ina riƙe da buroshi
a rumfata, bayan tashar motocin Marwa.
Hannuna ya san inda kowane harafi ke lanƙwasa ƙafa
ko da an ɗauke wuta.
Yanzu hannun ya soma rawa,
masu shago kuma sun daina son fenti,
leda mai mannewa suke nema,
baƙi mai tsabta kamar haka aka haife shi.

Sai na je wurin Wakili Hamajoda,
mai hawo da kaya daga Duwala.
Ya farke kwali biyu, ya ce, "Malam Barmo, zaɓi."

Ta farko, wuƙarta janta ake yi.
Ba ta da ta cewa, bin kan injin take
kamar akuya a bayan igiya,
inda aka karkata nan za ta karkata.
Ga sauri, ga sauƙin kuɗi, jaka ɗari huɗu na sefa.
Na ba ta sunan wani shago da baƙin Larabci,
ta zagaye cikin nun
yadda Binuwai ke zagaye yashi da damina.
Amma da na ba ta ƙananan boko,
lambar waya mai girman ƙwayar gyaɗa,
sai ta lashe kusurwa.
Bakwai ta koma lauje,
huɗu ta yi kumatu.

Ta biyu tana da wuya, da kanta take juya shi.
In ta isa kwana sai ta tsaya,
ta ɗaga, ta waiwaya, ta sake sauka,
ƙyat, ƙyat,
kamar tsoho mai tsallaka titin gada ran kasuwa.
Leda mai kauri, mai ƙyalli da dare,
irin ta bayan manyan motocin auduga,
ta yanke ta ba gardama.
Na tambayi kuɗi.
Da ya faɗa, na nemi benci na zauna.

Kwana uku ban yi barcin kirki ba.
Yarona Ɗayyabu yana ta zuga ni:
"Baba, a ci bashi, mai tsada ita ce mai arha."
Na ɗauko littafin aikin bara,
na bi shi layi layi da yatsa:
mai shayi, tela, tela, mai aski,
gidan abincin Adda Dudu,
mai gyaran babur wanda har yau bai cika ba.
Dukansu manyan baƙi suke so,
wanda ɗan acaba zai karanta a guje.
Ƙaramin rubutu sau biyar kacal,
uku daga ciki na mai kemis ne.

Na sayi mai bin igiya.

Ɗayar kuwa Tizi ne ya ɗauka,
wancan yaron na tsallaken titi
da na koya wa riƙe ma'auni.
Kwangilar motocin auduga ta koma wurinsa.
In hayaniya ta lafa bayan isha'i
ina jin ta daga nan, ƙyat, ƙyat,
kuma ba zan yi ƙarya ba, tana taɓa ni.

Jiya mai kemis ya dawo da ƙananan baƙinsa.
Injin ya yi nasa, ya bar kusurwoyi da kumatu.
Na kunna fitila, na ɗauki reza,
na dafe hannun dama da na hagu,
in na isa kwana in tsaya,
in ɗaga, in juya, in sauka.
Ɗayyabu ya leƙo ta kafaɗata, ya yi dariya:
"Ashe duka biyun muka saya."

Na ce ya yi shiru ya riƙe mini fitilar,
saura lamba shida.