Minti Talatin da Biyar

Ƙarfe ɗaya da minti biyar, a filin jirgin Gimhae,
aka ce kowa ya dakata.
Jirgin Jeju ya yi lamo a bakin titi,
na Osaka yana can sama yana shawagi kamar shirwa,
an hana shi sauka.
Na dire akwatin wani baƙo,
na zare toshiyar kunnena.
Shekara goma sha tara ina lodin kaya a nan,
ba na jin kukan tsuntsu sai a rana irin ta yau.

Shirun sauran shekaru na 'ya'yan wasu ne.
Na bana nawa ne.

Yanzu Seul-bi tana zaune kusa da taga,
an kunna musu Turanci a lasifika,
sau ɗaya tak, ba maimaici.
Saboda kunnenta ƙasa guda ta haɗiye numfashi.

Shekara uku ba mu ga fuskarta da rana ba.
Motar makarantar dare ke sauke ta bayan goma,
ta ci shinkafa a tsaye.
Akwai shafin lissafi da haɓo ya ɓata,
ba ta yage shi ba, ta zagaye jinin ta ci gaba.
Uwarta ta daina miyar ganyen teku tun sati biyu,
wai santsi gare ta, kada yarinya ta zame.
Kakarta ta aiko da alewa mai danƙo
don ta manne a inda ta nufa.
Ni kuwa nawa dare ne, dare kan dare,
ina sayar da bayana don kuɗin darasi.

Gurbi uku za ta cike idan sakamako ya fito.
Na rubuta mata ukun a jikin firji:
haɗa magunguna, haɗa magunguna, haɗa magunguna.
Ta zo da fensir ta ƙara a ƙasa, ƙanana:
ilimin teku.
Ta fara ba ni labarin wasu manyan kifaye
masu kiran juna daga nesa,
da yadda ƙarar jiragen ruwa ke ɓatar da su.
Na ce kifi a kasuwa yake.
Ta tattara kwanonta.

Ga shi yau injuna sun mutu,
masu haƙa titi sun jingine diga,
har sojoji an ce su yi a hankali,
duk don ta ji.
Ni da na haife ta
ban taɓa yi mata shiru na minti biyar ba.

Biyu saura ashirin.
Na Osaka ya sunkuyo da kai.
Kafin ƙara ta dawo na laluba wayata,
na san tata na hannun mai tsaro sai magariba.
Da yatsa mai sanyi na rubuta:
Idan kin fito, akwai miya mai zafi.
Kifayen nan, me kika ce suna faɗa wa juna?