Maɗiga

Mako ashirin da shida kacal, Rayen,
kika ce zaman ciki ya ishe ki.
Ina kan kwalekwale ina watsa wa kifi abinci
aka kira: faya ta fashe, Yasna na zazzaɓi.
Kafin in tuɓe takalmin roba
kin riga kin faɗo a asibitin Ancud,
giram ɗari takwas da saba'in.
Kifin da na mayar ruwa da safe don ƙanƙanta
ya fi ki nauyi.

Akwai allurar da ake yi wa uwa, in ji su,
kwana biyu kafin haihuwa,
ta nunar da huhu, ta ƙarfafa jijiya.
Ke ko awa biyu ba ki ba mu ba.
Ba ki yi kuka ba, aka yanke cibiya da gaggawa;
minti ɗayan da ake jira jini ya gama gangaro miki,
shi ma ya wuce mu.

Sai mota, sai jirgin fito.
Mashigin Chacao ya kwana da fushi.
Duk igiyar ruwan da ta daki ƙarfe
sai kwalbarki ta girgiza,
ma'aikacin ya rungume ta da ƙirji
yana kallon lambobi, ba ya kallona.

A Puerto Montt Likita Oyarzun
ta zana mini kai a bayan takardar magani.
Ta ce: nan, can ciki, gefen kogon ruwan ƙwaƙwalwa,
akwai jijiyoyin da ba su kai silin gashi ba,
bangonsu bai gama ginuwa ba.
Mu manya, in jini ya hau, jiki ya san yadda zai tare.
Ita ba ta da madatsa tukuna:
ya hau, ya tsinka; ya sauka, ya bar wurin da ƙishi.
Ta shiga ƙirga da yatsu, ban so ta ƙirga ba:
zuwa da wuri, rashin nauyi, zazzaɓin uwa,
na'urar da ke hura mata numfashi,
da tafiyar nan ta kan ruwa.
Hannu ya cika.
Na ce, da na bar ta a tsibiri fa?
Ta ce, da yanzu ba wannan zancen muke ba.

Dare uku, in ji ta.
In zai zo, galibi a cikinsu yake zuwa.

Herminia mai aikin dare ta koya mini dokar ɗakin:
kada kanki ya karkata, hanci ya tsaya saitin cibiya,
kada a ɗaga ƙafafunki sama wajen canza ƙyalle,
kada murya, kada haske.
Ni da nake jan igiya mai kaurin damtse
na koyi ajiye tafi a kanki, shiru,
ba shafa, ba jijjiga.

Yasna na ƙetaren ruwa, da ƙarin ruwa a hannu,
ta tatsi nono bai cika cokali ba.
Tana tambayata a waya: laifina ne?
Na ɗauki itace ranar Talata.
Na ce mata na ga yatsun nan biyar da idona,
babu itace a ciki.

Safiya ta huɗu suka turo na'ura
suka ɗora a maɗigarki,
ƙofar nan da ƙashi bai rufe ba.
Allo ya yi toka-toka kamar teku da asuba.
A hagu, ɗigon fari, ƙwayar shinkafa guda.
Mataki na ɗaya, in ji likita. Ya zubo, ya tsaya.
Sau da yawa jiki kan shanye abinsa.
Za mu sake leƙawa ran Litinin.
Na ce, za ta yi tafiya? Za ta yi karatu?
Ta rufe bironta. Ta ce, Litinin tukuna.

Na fito. Ruwan sama bai ɗauke ba.
Na sayi burodi a bakin tasha, ya jiƙe a hannuna.
Na tsaya ina laluben tsakiyar kaina da yatsa,
ina neman inda tawa ta rufe.